Gwajin tsaga biyu: ta wace hanya ilektaron yake bi?

Malam Sani, Gwale: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu na fiziks. A gwajin tsaga biyu, inda ake sa shinge mai siraran tsagogi biyu a gaban allo, in aka riƙa harba ilektaron ɗaya bayan ɗaya, kowanne yakan sauka a jikin allo ya bar ɗigo guda tak. Amma in dubbai suka taru sai a ga ɗige-ɗigen sun jeru ratsi-ratsi, nan cunkus, can fayau, irin zanen da igiyoyi biyu, kamar na ruwa, ke yi idan sun haɗu. Abin da muka saba faɗa wa ɗalibai shi ne ilektaron ɗin ta tsagogin biyu ya bi a lokaci guda, kuma ba shi da takamaiman wuri sai an auna shi. To gwajin ne ya tabbatar da haka, ko fassara ce muke ɗorawa a kai? Na ji cewa akwai masanan da suka tafi a kan kowane ilektaron tsaga ɗaya yake bi, kuma lissafinsu yana fitar da ratsin nan daidai.

Aliyu, ɗan aji uku a jami'a: Wa alaikumus salam Malam. Ai ba zai yiwu ba. In aka toshe tsaga ɗaya ratsin ɓacewa yake yi. Akwai ma wuraren da ilektaron ke sauka idan tsaga ɗaya ce a buɗe, amma da zarar an buɗe ta biyun sai su daina sauka a wurin. Wanda ya bi ta hagu, ta yaya zai san ta dama a buɗe take?

Dakta Hadiza: Aliyu, a nan gizo ke saƙar, kuma hujjarka mai ƙarfi ce. Sai dai ta jingina da wani zato da ba ka furta ba, wato ilektaron shi kaɗai yake tafe. Louis de Broglie na Faransa bai ɗauki wannan zaton ba. Shi ne a 1924 ya fara cewa kowace ƙwaya tana da igiya tare da ita, sannan a taron masana fiziks na Solvay na 1927 a Beljiyam ya gabatar da cikakken ra'ayinsa: abu biyu ne ke tafiya, igiya da ƙwaya, kuma dukkansu akwai su da gaske.

Igiyar ita ce wadda kuka sani, mai bin lissafin Schrödinger na 1926, wanda ke faɗin yadda igiyar ke sauyawa da lokaci. Tana bazuwa, ta ratsa tsagogin biyu, ɓangarorinta biyu su sake haɗuwa a bayan shingen. Inda tudun wannan ya hau tudun wancan su ƙarfafa juna, inda tudu ya faɗa kwari su kashe juna. Ƙwayar kuwa a ko yaushe tana wuri guda, kuma tsaga ɗaya take bi. Abin da aka ƙara doka ɗaya ce: gudun ƙwayar da inda ta dosa, yanayin igiyar a daidai inda take ne ke yanke su. In ka bi wannan doka da lissafi za ka ga ƙwayoyin suna kauce wa wuraren da igiyar ta mutu, suna tururuwa inda ta yi ƙarfi. Ga ratsinka nan ya fito.

Amsar tambayarka ke nan. Ilektaron ɗin ba sai ya san komai ba. Igiyar da ke tafe da shi ce ta bi ta ɗaya tsagar. Ka toshe tsagar, igiyar ta sauya, turbobin duka su sauya.

Baba Habu: 'Yata, bari in ga ko na fahimta. Kamar makaho ne da ɗan jagora. Makahon ƙofa ɗaya zai shiga gari ta cikinta, ko Ƙofar Nasarawa ko Ƙofar Mata, amma inda zai sa ƙafa ba shi ke zaɓa ba, wanda ke riƙe da kan sandar ne.

Dakta Hadiza: Haka ne Baba, Allah ya ƙara lafiya. Sai dai wannan jagoran ta ƙofofin biyu ya shiga.

Zainab: Baba, akwai wani wurin kuma da suka bambanta, kuma shi ne ya fi damuna a ra'ayin. Makaho yana iya jan sandar, jagoran ya ji a hannunsa ya dakata. A nan igiya ce ke juya ƙwaya, ita ƙwayar ba ta da wani tasiri ko kaɗan a kan igiyar. Tun daga Newton mun saba duk abin da ya tura wani shi ma zai ji turin. Ban da haka, ɓangaren igiyar da ya bi ta tsagar da ƙwaya ba ta bi ba yana nan yana tafiya ba kowa a cikinsa. Masu suka suna yawan kamawa a nan.

Malam Sani, Gwale: Dakta, to me ya sa ba mu taɓa cin karo da wannan a littattafan da muka karanta ba? Tun 1927 fa kika ce.

Dakta Hadiza: Tarihin yana da ɗan tsawo Malam. A taron na 1927 Wolfgang Pauli ya yi masa suka, ra'ayin bai samu karɓuwa ba, shi ma de Broglie ya ajiye shi. A 1932 John von Neumann ya fitar da wata hujja ta lissafi da mutane suka ɗauka ta rufe ƙofar duk wani bayani irin wannan. Grete Hermann, wata Bajamushiya masaniyar lissafi, ta nuna raunin hujjar tun 1935, amma kusan ba wanda ya saurare ta. Sai a 1952 David Bohm ya fitar da maƙaloli biyu inda ya sake gina ra'ayin, ya kuma yi abin da de Broglie bai kammala ba, wato bayanin me ke faruwa lokacin awo. Lokacin da suka fito ma ba ya Amurka. Ya ƙi ba da shaida a gaban kwamitin majalisa mai farautar 'yan gurguzu, ya rasa aikinsa a jami'ar Princeton, ya koma Birazil. Einstein, wanda aka zaci zai yi murna, ya rubuta wa Max Born cewa hanyar ta yi masa araha da yawa. John Bell ne daga baya ya tsaya wa aikin Bohm, ya kuma fito da kuskuren da ke cikin zaton von Neumann a maƙalarsa ta 1966.

A ganina an yi wa ɗalibai rashin adalci a nan. Ko ba a yarda da ra'ayi ba, bai kamata a ce ba zai yiwu ba alhali ga shi an gina shi yana aiki.

Injiniya Bashir: Ranki ya daɗe, ni fa ban gamsu ba. Tambaya biyu. Ta farko, wane sakamako wannan ra'ayin ya hango wanda kwantam na yau da kullum, wato fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyi da ake koyarwa a littafi, bai hango ba? Tiransistan da ke cikin wayoyin da ake sayarwa a Farm Centre, da lesa, da farantin sola, duk da lissafin da muka sani aka ƙera su, ba wanda ya nemi turbar ilektaron. Ta biyu, in har turbar a ƙayyade take, ku faɗa mana inda ilektaron na gaba zai sauka mana. In ba za ku iya ba, me aka ƙara?

Dakta Hadiza: Injiniya, ta farkon na ba ka. A duk gwajin da aka yi zuwa yau na kwantam ɗin ƙwayoyin da gudunsu bai kusanci na haske ba, sakamakonsu ɗaya ne, da gangan ma aka gina shi haka. Ba wanda zai ƙera maka sabuwar na'ura da shi.

Ta biyun kuwa tana da amsa. Inda ƙwaya za ta sauka ya dogara ne da daidai inda ta faro a cikin igiyar, kuma wannan ba mu san shi ba. Ɗan bambanci kaɗan a bakin tsaga yana iya kai ta wani ratsin daban. Abin da ra'ayin ya ɗauka shi ne wuraren farawar sun rarrabu bisa ƙa'idar Born ta 1926, wato yiwuwar samun ƙwaya a wuri tana tafiya da ƙarfin igiyar a wurin, an ninka shi da kansa. Lissafi ya nuna cewa in rabon ya fara a haka, dokar tafiyar za ta riƙe shi a haka har allo. In kuma ka ce bari ka auna wurin farawar sosai don ka yi hasashe, awon da kansa zai sauya igiyar, turbar ta sauya. Saboda haka ƙa'idar Heisenberg, mai cewa ba za a san wurin ƙwaya da gudunta daidai a lokaci guda ba, tana nan daram. Bambancin shi ne a nan rashin tabbas ɗin na saninmu ne, ita ƙwayar tana da wurinta.

Abin da aka ƙara kuwa shi ne ba ka bukatar cewa igiya ta "rushe", wato ta tattaru wuri guda farat ɗaya, a lokacin awo, maganar da har yau ba wanda ya iya faɗin daidai yaushe take faruwa, ko me ya cancanci a kira shi awo.

Injiniya Bashir: To ai kin ɗauki ƙa'idar Born ɗin kin sa da hannu a farko. Ba fitar da ita kika yi ba.

Zainab: Yaya Bashir, wannan sukar tana da tushe, kuma su kansu sun san da ita. Dürr da Goldstein da Zanghì sun yi ƙoƙari a 1992 su nuna cewa wannan rabon shi ne abin da za a samu a mafi yawan yanayin farawa. Antony Valentini ya bi wata hanyar, ya ce ko an fara da wani rabon daban, tafiyar za ta gauraya shi har ya koma na Born. Har yanzu ana jayayya a kan wanne ya fi gamsarwa. Amma kwantam na littafi ma da hannu ya sa ƙa'idar, bai fitar da ita daga ko'ina ba.

Aliyu, ɗan aji uku a jami'a: Yaya Zainab, saura guda. In aka sa na'ura a bakin tsaga don a gane wacce ilektaron ya bi, ratsin yana ɓacewa. In dama can tsaga ɗaya yake bi, me dubawar ta ɓata?

Zainab: Wannan sai ka natsu, don a nan ne aka fi ruɗewa. Igiyar kwantam ba a sararin nan namu mai tsawo da faɗi da zurfi take zaune ba, sai in ƙwaya ɗaya ce tak. In ƙwayoyi biyu ne, igiya ɗaya ce ke ɗauke da su, kuma tana dogara da lambobi shida, uku na wurin wannan, uku na wurin wancan. In ƙwayoyi dubu ne, lambobi dubu uku.

Yanzu ka sa na'urarka. Ita ma ƙwayoyi ce, don haka ta shiga cikin igiyar. Ɓangare ɗaya na igiyar ya zama "ilektaron ta hagu, na'ura ta nuna hagu", ɗayan kuma "ilektaron ta dama, na'ura ta nuna dama". Kafin ɓangarori biyu su ƙarfafa juna ko su kashe juna, dole su haɗu a dukkan lambobin, ba a na ilektaron kaɗai ba. Ko da na ilektaron sun zo wuri ɗaya a gaban allo, na na'urar sun riga sun rabu, kuma ba za su sake haɗuwa ba. Sai ya zama ɓangare ɗaya kawai ke jan ilektaron ɗin, kamar ɗaya tsagar a toshe take. Ba idon mutum ba ne ya kashe ratsin, ko ba wanda ya kalli na'urar haka za a samu.

Injiniya Bashir: Madalla, kin kawo mu inda nake jira. In igiya ɗaya ce ke jan ƙwayoyi biyu, kuma gudun wannan ya dogara da inda waccan take a wannan lokacin, to ko ɗaya tana Kano ɗaya tana Makka abin da aka yi wa waccan zai taɓa wannan nan take. Ina aka bar Einstein da cewa ba abin da ya fi haske sauri?

Dakta Hadiza: Wannan ita ce suka mafi nauyi, kuma ba na ɓoye ta. E, a ra'ayin Bohm akwai tasiri daga nesa, ƙarara yake a cikin lissafin. Bell ya ga haka, sai ya tambayi kansa ko za a iya gina wani bayani irin na Bohm wanda ba shi da wannan. Amsar da ya samu a 1964 ita ce a'a: duk bayanin da ya ce sakamakon awo yana fitowa ne daga abin da kowace ƙwaya ke ɗauke da shi a inda take, ba tare da tasiri daga nesa ba, akwai iyakar da ba zai iya wucewa ba, kuma kwantam ya wuce ta. Gwaje-gwajen John Clauser da Alain Aspect da Anton Zeilinger sun nuna kwantam ne ke da gaskiya, shi ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2022. Mutane da yawa suna cewa wannan ya kashe ra'ayin Bohm. Bai kashe shi ba, don irin bayanin da aka kore shi ne marar tasiri daga nesa.

Ba za ka iya aika saƙo da wannan tasirin ba, tunda ba ka da iko da wuraren farawar. Amma matsalar ba ta tafi ba. Kalmar "nan take" tana bukatar a ce akwai agogo guda da duk duniya ke bi, ka'idar Einstein ta 1905 kuwa ta ce babu shi. An yi ƙoƙari iri-iri na haɗa su, da na faɗaɗa ra'ayin ya ɗauki haihuwar ƙwayoyi da mutuwarsu kamar yadda ake gani a CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, amma ba wanda ya samu karɓuwar kowa. Duk mai son Bohm dole ya ɗauki wannan nauyin.

Musa Fagge: Ni na ga bidiyon ɗigon mai yana tsalle a kan mai, yana tafiya tare da igiyarsa. An ce ya yi ratsin tsaga biyu. Ba shi ke nan an tabbatar ba?

Zainab: Aikin Yves Couder da Emmanuel Fort ne a Faransa. Suna girgiza kwanon man silikon, ɗigo ya riƙa tsalle a kai, igiyar da ya tayar ta riƙa tura shi gaba. A 2006 suka ba da rahoton cewa sun ga abin da ya yi kama da ratsin tsaga biyu. Amma a 2015 wasu masu bincike a Danmak, cikinsu har da Tomas Bohr jikan Niels Bohr, ɗaya daga cikin iyayen kwantam, sun sake gwajin ba su samu ratsin ba, ƙungiyar John Bush a jami'ar MIT ta Amurka ma ba ta samu ba. Kuma ko da an samu, ɗigon shi ke haifar da igiyarsa, igiyar kuma a kan mai take, ba a sararin lambobi shida ba. Abin sha'awa ne, amma ba hujja ba ce.

Wanda ya fi kusa shi ne na Toronto a Kanada, 2011, ƙungiyar Aephraim Steinberg. Sun yi amfani da ƙwayoyin haske, suna yi wa kowacce awo mai rauni ƙwarai wanda ba zai ɓata ratsin ba, sannan suka tara sakamakon ɗimbin ƙwayoyi suka fitar da matsakaicin inda ake dosa a kowane wuri. Da suka haɗa layukan sai ga su sun yi kama da turbobin da Philippidis da Dewdney da Hiley suka zana da kwamfuta tun 1979.

Injiniya Bashir: Matsakaici fa kika ce. Ba su bi ƙwaya ɗaya daga tsaga zuwa allo ba. Kwantam na littafi ma yana hango waɗannan layukan, sunansu kawai ya bambanta, a can kwararar yiwuwa ake ce musu.

Zainab: Gaskiyarka Yaya. Su ma masu gwajin matsakaiciyar turba suka kira abin.

Musa Fagge: Allah ya gafarta malamai, in komai a ƙayyade yake tun farko, wannan bai yi daidai da imani da ƙaddara ba? Ni sai na ji ra'ayin ya fi kwanta mini.

Baba Habu: Ɗana, kada ka rataya imaninka a kan lissafin da gobe wani gwaji zai iya tayar da shi. Ƙaddara mun karɓe ta ne daga wahayi, ba ta jiran Bohm ko Bohr. Wannan magana ce ta yadda ilektaron ke tafiya, a bar ta a nan.

Malam Sani, Gwale: Na ƙaru ƙwarai. To a aji, Dakta, me kike ganin ya dace?

Dakta Hadiza: Ka raba abin da aka gani da abin da aka fassara. Abin da aka gani: Claus Jönsson a Jamus ya samu ratsin da ilektaron a 1961. A Bologna ta Italiya a shekarun 1970, sannan Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi a 1989, an nuna shi yana taruwa ɗigo bayan ɗigo, su kuma siririyar waya mai caji suka sa ta raba hanyar biyu a madadin tsaga. A 1999 a Vienna an samu irinsa da dunƙulen kabon mai atam 60. Waɗannan ba mai musu. Amma "ya bi ta biyun a lokaci guda" ba wanda ya taɓa ganin haka, duk sanda aka duba a tsaga ɗaya ake samunsa. Ka ce musu wani abu ya bi ta biyun, shi ne igiyar, sannan masana sun rabu a kan ko akwai ƙwaya mai turba tare da ita.

Injiniya Bashir: Ni da zan ba da shawara, a sakandare a tsaya a ɗigo da ratsi da lissafin tazarar igiya. Yaron da ke shirin WAEC in ka buɗe masa wannan ƙofar zai fita da zaton ilektaron ƙaramin dutse ne, alhali turbobin Bohm ba su yi kama da tafiyar dutse ba ko kaɗan. Suna lanƙwasa a fili ba tare da komai ya taɓa su ba. A atam ɗin haidurojin ma, a matakinsa na mafi ƙarancin kuzari, lissafin Bohm na asali cewa ya yi ilektaron ɗin a tsaye yake cak.

Dakta Hadiza: Wannan haɗarin akwai shi. Amma yaron da aka ce masa abu yana wuri biyu kuma kada ya tambaya, shi ma an cutar da shi, don an koya masa cewa fiziks haddacewa ce. Jimla biyu sun isa, ba sai an shiga lissafi ba.

Aliyu, ɗan aji uku a jami'a: Yaya Zainab, zanen 1979 ɗin nan, zan iya yin irinsa a laftof ɗina?

Zainab: Sosai, da yaren kwamfuta na Python ma. Ka ɗauki dunƙulen igiya biyu irin na Gauss, masu siffar ƙararrawa, ɗaya a kowace tsaga, ka haɗa su. Yadda suke bazuwa da lokaci yana da amsa a rubuce, ba sai ka warware Schrödinger da kanka ba. Daga igiyar ka fitar da gudu a kowane wuri, ka zuba ƙwayoyi kamar 200 a bakin tsagogin bisa rabon Born, ka riƙa matsar da kowacce kaɗan-kaɗan. Za ka ga da farko suna bazuwa salin-alin, da sun shiga inda igiyoyin suka haɗu sai su fara karkacewa suna tsallake wuraren duhu da sauri. Ka lura da layin tsakiya: in tsagogin daidai suke, wadda ta fito ta sama a rabin sama za ta sauka, ta ƙasa a rabin ƙasa. Turba biyu ba sa taɓa gittawa juna, tunda a wuri ɗaya a lokaci ɗaya gudu ɗaya ne kawai igiyar ke bayarwa. In ka ga naka sun gitta, tazarar lokacin da ka sa ta yi girma, musamman kusa da wuraren duhu inda gudun ke sauyawa da sauri. Ka rage ta ka sake gudanarwa, sannan ka turo mana hoton a nan.